Wa Zai Sayi Keken Ɗan Makaranta Gurgu?

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe akwai yara naƙasassu da ke zaune a gida don rashin kayan taimako. Gurgu na bukatar keke. Makaho na bukatar sanda da allon rubutun makafi. Mai raunin ji na bukatar na'urar kunne. Kayan nan suna da tsada ga manomi.

Amma nauyin ba na iyaye ba ne kaɗai. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare. Ta kuma ɗora wa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa samar da kayan karatunsu.

Matakin farko shi ne uba ya kai sunan yaro wurin hedimasta, domin a sanar da Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Ana iya neman taimakon Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta hannun hakimi. Ƙungiyar ƙauye ma na iya yin karo-karo bayan kaka, mai walda ya ƙera keken.

Yaron da aka ɓoye a gida, taimako ba ya iske shi.