SHIRIN MOTA DOMIN KETARE HAMADA

Zuwa ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

An rubuta wannan 'yar takarda domin Hakimai, tun ba waɗanda ƙasashensu ke bakin iyakar arewa ba, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Kowace shekara mutanenmu su kan tashi daga Kano da Katsina da Daura, su bi ta Damagaram da Tanut su sauka Agadas. Waɗansu fatauci ke kai su, waɗansu ziyara, waɗansu kuwa ci-rani. Daga Agadas akwai masu zarcewa gabas zuwa Bilma, ta hanyar da ayarin gishiri ke bi tun zamanin kakanni. Tsakanin garuruwan nan biyu wajen kilomita 600 ne ta cikin rairayin Tenere, babu kwalta, babu gareji, rijiyoyi kuwa ƙidayayyu ne.

A irin wannan wuri, ƙaramar ɓarna a jikin mota ita ce ajalin mutane. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. A 2017 kuma mutum 44 suka mutu ta irin wannan hanya kafin su isa Dirku. Sabo da haka lalle ne Hakimi ya san abin da a ke dubawa a jikin mota, domin ya yi wa talakawansa gargaɗi tun suna gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Zaɓen Mota

Motar da ta dace da hamada ita ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat. Injinta yana juya ƙafafun gaba da na baya gaba ɗaya, kuma tana da giyar ƙarfi ta musamman domin rairayi da hawa. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce ta fara yin suna a ƙasashen nan. Daga baya Toyota Land Cruiser da Hilux suka mamaye hanyar. Dalilin da ya sa direbobin Agadas ke son irin Land Cruiser ɗin nan da aka fito da ita a 1984 shi ne, injinta ba shi da wuyar sha'ani, kuma makanikan can sun san ta. A zaɓi motar da za a sami kayan gyaranta a inda za a je, ko da ba ta da kyaun gani.

Mai shan gas ta fi mai shan fetur dacewa, domin ta fi tattalin mai, kuma gas ba ya kamawa da wuta da sauri kamar fetur.

2. Abin da Makaniki Zai Duba

A kai mota gareji mako biyu kafin ranar tashi, domin a sami damar gwada ta bayan gyara. Malami ya tsaya a wurin da takarda, ya riƙa sa alama a kan kowane abu da aka gama.

Da fari lagireto. Zafi shi ne babban abokin gaban inji a cikin rairayi, domin mota tana aiki da ƙarfi amma tana tafiya a hankali, iska ba ta ratsa ta sosai. A wanke lagireto ciki da waje, a sake robobin ruwa in sun yi taushi ko sun tsage, a sa sabon fanbel, tsohon kuwa a ajiye shi a mota domin ɓacin rana.

Sa'an nan a juye baƙin mai, a sake matatar mai da ta iska. A duba man giya da na aksul gaba da baya, da man birki, a sa giris a farfela da duk inda ya kamata. A duba kuloci da sifirin da shokazoba, domin gargadar hanya ita ke karya su. A ɗaure kowane noti. Batir ya zama sabo, ko wanda bai daɗe ba, a kuma ɗaure shi kam a mazauninsa, gama ba a tura mota ta tashi a cikin rairayi.

Daga nan direba ya loda mata kaya, ya fita da ita bayan gari inda akwai yashi, ya gwada giyar ƙarfi. Amma a irin waɗannan motoci ba a barin ƙafa huɗu suna ja a kan busasshiyar kwalta, domin yin haka yana murɗe farfela, yana cin giya.

3. Taya

Tayoyi su zama girma ɗaya, masu lafiya, tare da safaya biyu. A riƙe kayan faci, da famfon iska mai aiki da batir, da na hannu ko na ƙafa domin in wancan ya ƙi, da ma'aunin iska.

Asirin tafiya a rairayi shi ne rage iska. Taya mai tauri nutsewa ta ke yi, mai taushi kuwa ta kan baje kamar tafin raƙumi. A kan kwalta a kan sa wa irin waɗannan motoci iska wajen awo 35 zuwa 40 a ma'aunin masu faci. In an shiga rairayi mai laushi sai a rage zuwa wajen 18 ko 20, a tafi a hankali, kada a karya kwana da ƙarfi don kada taya ta fita daga gindinta. Da an fito kan dutse ko burji sai a tsaya a mayar da iska, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe.

4. Lissafin Mai da Ruwa da Nauyi

Nan ne aikin malami ya fi amfani, domin abin lissafi ne, kuma da alƙalami a ke yinsa. Mota mai kaya a cikin rairayi ta kan sha kusan ninki biyu na man da ta ke sha a kwalta. Ga misali:

A ce motar tana shan lita 25 a kowane kilomita 100 na rairayi. Kilomita 600 sun ci lita 150 ke nan. A ƙara sulusin wannan sabo da ɓatan hanya da kewaye, ya zama lita 200. In tankinta yana cin lita 90, saura lita 110, watau jarka 6 masu cin lita 20. Wannan lissafin zuwa ne kaɗai. Kada a dogara da cewa za a sami man dawowa a can sai an tabbatar tun daga Agadas.

Ruwa kuma, a ƙiyasta wa kowane mutum lita 8 a yini domin sha da dafuwa, da bazara kuwa har fiye da haka. In mutum 5 ne, tafiyar kwana 3, sai a yi lissafin kwana 6, domin ba a san inda tsautsayi zai tsayar da mota ba. Lita 240 ke nan. A ƙara lita 20 domin lagireto, jimla lita 260. A raba ruwan nan cikin jarkoki da yawa, domin in ganga ɗaya ce ta huje, an rasa duka.

To, litar ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, jarkar ƙarfe cike da gas kuwa ta haura kilo 20. Ruwa kilo 260, jarkokin mai wajen kilo 125, mutum 5 wajen kilo 350, abinci da kayan gyara da safaya wajen kilo 150. An doshi kilo 900 tun ba a ɗora hajar kowa ba. Kowace mota tana da iyakar nauyin da maƙeranta suka yanka mata, a rubuce a littafinta ko a wani ɗan allo a jikinta. In lissafi ya wuce wannan iyaka, sai a rage fasinja ko haja. Ba a rage ruwa, ba a rage mai. Direban da ya sauke jarkar ruwa domin ya ɗauki fasinja ɗaya ya sayar da ran dukkan waɗanda ke motar.

Kaya masu nauyi a ƙasa a ke sa su, a tsakiyar mota, a ɗaure. Bisa rufi sai marasa nauyi, kamar tabarmi da barguna, domin mota mai nauyin kai ta kan kife a gefen tudun rairayi.

5. Kayan da Ba a Bari

Shebur biyu, da faranta biyu na ƙarfe masu huda waɗanda a ke shimfiɗa wa taya, da jak tare da katako mai faɗi wanda zai zauna a kai, da igiyar ja mai ƙarfi. Sifanu da fulaya da sukudireba, da waya da gam, da fis, da matatun mai na ajiya, da baƙin mai, da abin kashe gobara. Akwatin magani, da gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a litar ruwa mai tsabta, shi a ke ba wanda zafi ko gudawa ta galabaitar. Tamfol domin inuwa, da barguna, gama daren hamada da hunturu yana da tsananin sanyi.

Wayar salula ba ta aiki da an yi nisa da gari. A riƙe wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya, da na'urar nuna hanya ta GPS, da taswira. Duk da haka a ɗauki jagora ɗan ƙasa, Buzu ko Tubu, wanda ya san rijiyoyi, kamar yadda ayari ba ya tashi sai da madugu.

6. Dokokin Hanya

Mota ɗaya ba ta shiga hamada. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma kowace ta riƙa ganin 'yar'uwarta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi ya kan haura digiri 45 a ma'aunin Selshiyas. A yi sammako, domin rairayi ya fi tauri da sanyin safiya, a huta da tsakar rana. Ba a tafiyar dare, ba a tafiya cikin guguwar ƙura.

Direba ya sami barci isasshe. A tsakiyar Tenere an yi wata itaciya tilo wadda matafiya ke gane hanya da ita, amma duk da faɗin filin nan, a 1973 wata babbar mota ta buge ta ta kayar. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuwa an kafa ta ƙarfe.

In mota ta kafe, direba ya ɗaga ƙafa daga totur nan da nan, domin ƙara wuta ƙara nutsewa ne. A haƙe gaban tayoyi, a rage iska, a shimfiɗa faranta, a fita a hankali. In inji ya yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

In kuwa mota ta mutu ɗungum, kowa ya zauna a wurinta. Masu nema sun fi saurin hango mota bisa ga mutum mai tafiya a ƙasa, kuma mai tafiya cikin rana ruwan jikinsa ya kan ƙare da wuri. A kafa inuwa, a raba ruwa da awo, a haska madubi, in an ji motsin masu nema a ƙona tsohuwar taya domin hayaƙi.

7. Aikin Hakimi da Malaminsa

Duk wanda ya zo sallama, malami ya rubuta sunan direba da lambar mota, da yawan mutanen ciki, da hanyar da za su bi, da ranar da a ke sa ran saukarsu, da lambar wayarsu. In ranar ta wuce ba labari, Hakimi ya sanar da hukuma ba tare da jinkiri ba.

A tunatar da matafiya fasfo da takardun mota da inshora. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, wajibi ne a binciki ƙa'idar ƙetare iyaka kafin a tashi. In sun isa Agadas su gabatar da kansu ga hukuma, su tambayi lafiyar hanya da batun rakiyar soja, domin akwai 'yan fashi a yankin. In an ce kada a bi, kada su bi.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda ga Dagatai da Masu Unguwa da shugabannin tashoshin mota, su kuma su isar wa jama'a. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.