Zaidu Sanusi: Daga Jega zuwa ƙungiyar Porto

An fi sanin jihar Kebbi da noman shinkafa a fadamun Rima da kuma bikin kamun kifi na Argungu, fiye da ƙwallon ƙafa. Sai dai a 'yan shekarun nan sunan jihar ya shiga jaridun wasanni na Turai, saboda wani ɗan asalin garin Jega, wanda ba shi da nisa da Birnin Kebbi.

An haifi Zaidu Sanusi ranar 13 ga watan Yunin 1997. Ɗan wasan baya ne ta ɓangaren hagu, wanda aka san shi da gudu da kuma kutsawa gaba domin taimaka wa masu kai hari.

Farawa daga ƙasa

Bai shiga Turai ta babbar ƙofa ba. A shekarar 2016 ya isa ƙasar Fotugal, inda ya shiga rukunin matasa na ƙungiyar Gil Vicente da ke garin Barcelos. Ba a jima ba aka ba da aronsa ga Mirandela, wata ƙaramar ƙungiya a arewa maso gabashin ƙasar, wadda a lokacin take rukuni na uku.

A can ya shafe kusan shekaru uku, a gasar da 'yan kallo ba su da yawa, albashi kuma bai taka kara ya karya ba. A irin wannan mataki ne matasan Afirka da dama suke karaya su koma gida, ko kuma su ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A 2019 ƙungiyar Santa Clara ta ɗauke shi. Wannan ƙungiya tana tsibiran Azores ne a tsakiyar tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,400 daga birnin Lisbon, abin da ya sa kusan duk wasanta na waje sai an hau jirgin sama. Kaka ɗaya kacal ya yi a babbar gasar ƙasar kafin manyan ƙungiyoyi su fara zawarcinsa.

Komawa Porto

A ƙarshen watan Agustan 2020 ya sanya hannu a kwantiragin shekaru biyar da FC Porto, a kan kuɗin da rahotanni suka ce sun kai euro miliyan 4. An ɗauka zaman benci zai yi na wani lokaci, to amma a watan Oktoba Porto ta sayar da Alex Telles ga Manchester United, kuma mai horar da 'yan wasa Sergio Conceicao ya damƙa wa Zaidu gurbin.

A watan Nuwamban shekarar ya zura ƙwallo a ragar Marseille a Faransa, a gasar cin kofin zakarun Turai, wasan da Porto ta ci 2-0. A kakar ce kuma Porto ta fitar da Juventus, wadda Cristiano Ronaldo yake yi wa wasa a lokacin, kafin Chelsea ta taka mata birki a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. An yi wasannin biyu da Chelsea ne a birnin Seville na Sifaniya, saboda dokokin hana zirga-zirga na annobar korona.

Ƙwallon da ta kawo kofi

Ranar da magoya bayan Porto ba za su manta ba ita ce 7 ga watan Mayun 2022. Ƙungiyar ta je gidan babbar abokiyar hamayyarta Benfica a Lisbon, tana bukatar canjaras kawai domin ta zama zakara.

An soke ƙwallon da Darwin Nunez ya ci wa Benfica saboda satar gida. Ana cikin mintunan ƙarin lokaci, a minti na 94, sai Porto ta kai harin ramuwa: Pepe ɗan Brazil ya ruga da ƙwallo ya miƙa wa Zaidu, wanda ya taso tun daga bayan fili, shi kuma ya jefa ta a raga. An tashi 1-0, kuma Porto ta lashe gasar karo na 30.

Bayan haka ya ci kofin ƙalubale na Fotugal tare da ƙungiyar a 2022 da 2023.

Rauni

Tagomashinsa a Porto ne ya buɗe masa ƙofar Super Eagles, inda ya fara wasa a watan Oktoban 2020 a karawar sada zumunta da Aljeriya. Yana cikin waɗanda suka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ranar 11 ga watan Fabrairun 2024, wanda Kwaddibuwa ta doke Najeriya 2-1 a Abidjan.

Kwanaki kaɗan da komawarsa Fotugal, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Estrela da Amadora, aka yi masa tiyata, ya yi watanni da dama yana jinya. Irin wannan rauni ne ya samu Umar Sadiq, ɗan wasan gaba haifaffen Kaduna, 'yan kwanaki bayan ya koma Real Sociedad daga Almeria a watan Satumban 2022. Raunin yakan ɗauki watanni shida zuwa tara ko fiye, kuma ɗan wasan da ya dogara da gudu shi ya fi jin jiki.

Abin lura ga iyaye da ƙananan ƙungiyoyi

Labarin Zaidu ya ƙara wa matasan Kebbi ƙwarin gwiwa, amma akwai ƙa'idojin da ya kamata a sani. Dokar hukumar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa domin wasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi na musamman. Saboda haka duk dillalin da ya nemi kuɗi a hannun iyaye da alkawarin kai ƙaramin yaro Turai, abin a yi taka-tsantsan da shi ne.

Haka kuma dokar ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin za a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana shekara 12 zuwa 23. A cinikin euro miliyan 10, wannan kaso ya kama euro dubu 500.

Sai dai ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, ta kuma yi wa 'yan wasanta rajista, ita ce kaɗai za ta iya neman haƙƙinta. Ƙungiyar unguwa a Argungu ko Birnin Kebbi da ba ta da takardu, ko da ita ce ta raini yaro tun yana wasa ba takalmi, ba za ta samu ko kwabo ba ranar da aka sayar da shi.