Kafin Ki Karya Farashin Hajarki, Wa Ya Ba Ki Labarin?

Duk mai cin kasuwannin Kwaya, Magarya da Dungas ya san rabin ciniki a kan labari yake tafiya: nawa tiyar hatsi a Damagaram, yaya naira ta kwana a Maigatari, iyaka a buɗe take ko a rufe. Labarin ƙarya guda ya isa ya cinye jarin da mace ta shekara tana tarawa a adashi.

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1000, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023. Aka ɗaga wa'adin, daga baya Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Wanda ya yi gaggawar rabuwa da nasa a kan ragi saboda ji-ta-ji-ta, shi ya kwana ciki.

Jami'o'i da dama na koya wa ɗalibai tantance labari. Tambayoyin uku ne: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma me zai samu idan na yarda? Sai kuma a nemo majiya ta biyu.

Ba sai an je jami'a ba. Wata masaniya 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bibiyi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin fatake na bugawa su tambaya kafin su ɗora kaya. A 2009 kuma aka soma shirin yaƙi da jahilci na ABC a ƙauyukan Doso da Damagaram. Manyan da aka haɗa musu da darasin salula sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi.

Don haka, Hajiya, idan dillali ya ce miki wake ya faɗi, tuna shi ma saye yake so. Buga wa 'yar'uwarki a wata kasuwa, ki saurari farashin da hukumar SIMA ke tattarawa, ki tambayi ranar da aka ɗauki saƙon muryar da aka turo miki a WhatsApp. Matambayi dai ba ya ɓata.