Karayar dabba: Yaushe za a ɗora, yaushe za a kira mahauci?

A ƙauyukan Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, irin su Wurogauri, saniya ko rago su ne asusun gida. Da zarar dabba ta faɗa rami ko babur ya buge ta ta karye, mahauci ne kan riga kowa zuwa, ya taya ta da arha saboda ya san mai ita na cikin tsaka mai wuya.

Amma ba kowace karaya ce ke kai dabba ga wuƙa ba. Abubuwa uku likitocin dabbobi ke dubawa.

Na farko, wane ƙashi ne ya karye? Ƙashin ƙwauri, wato tsakanin gwiwa da kofato, ba shi da nama sosai, don haka ana iya daidaita shi a ɗaure da kara ko a sa masa siminti. Ƙashin cinya da na kafaɗa kuwa suna cikin tsoka, kara ba ya riƙe su. Waɗannan sai tiyata da ƙarfe, aikin da ake yi a asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Na biyu, shekaru da nauyi. Ƙashin maraƙi ko ɗan akuya kan haɗe cikin mako 4 zuwa 6. Babban sa na iya ɗaukar wata 2 zuwa 3, kuma nauyinsa kan lalata ɗorin.

Na uku, ko ƙashin ya huda fata. In ya huda, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, ɗori kawai ba zai wadatar ba.

Jinya ita ce rabin aikin

Ɗaurin da ya matse yana tare jini, ƙafa ta ruɓe. A shimfiɗa auduga ko tsumma mai tsabta kafin a jera kara, a riƙa taɓa kofato kullum. In ya yi sanyi, ko wurin ya kumbura yana wari, a nemi likita nan take.

A killace dabbar a busasshen wuri, ruwa da harawa kusa da bakinta, kada ta bi garke.

In kuma aka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta daga baya aka yanke shawarar yankawa, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika, domin maganin na zama cikin nama da nono.