Ko Ka Sani? Kwamfutar Ofis Ba Sai Sabuwa Dal Ba

Ko ka san cewa baƙin akwatin nan da ke gurnani ƙarƙashin teburin mai buga takardu a Zangon Agoè na Lome, in ka kwance noti biyu ka zare murfinsa, abin da za ka tarar a ciki bai wuce kaya shida ko bakwai ba? Akwai babban allon da kome ke hawa kansa, da ƙwaƙwalwa wadda ake kira firosesa da fankarta, da RAM, da rumbun ajiya, da akwatin da ke raba wuta. Sauran duk wayoyi ne da ƙura. Kowanne kuma ana iya cire shi a sa wani wanda ya dace, ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba.

Wannan ya samo asali tun 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Don sauri, bai tsaya ƙera kome da kansa ba: ya sayo ƙwaƙwalwa daga Intel, manhaja daga Microsoft, ya kuma buga bayanin yadda aka haɗa ta. Wasu kamfanoni suka kwaikwaya, kasuwa ta buɗe. A 1995 Intel ta fitar da ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman allo da wuraren noti da bakin wayar wuta. Shi ya sa yaro mai sukuddireba guda a Lome zai iya abin da a da sai masana'anta.

Mutanen Lome ma sun kai abin inda ba a zata ba. A WoeLab, ɗakin ƙirƙira da Sénamé Koffi Agbodjinou ya kafa a 2012, matasa sun riƙa tsinto kayan matattun kwamfutoci suna shirya su cikin jarkar roba, ta tashi ta yi aiki. A nan ne kuma Afate Gnikou ya haɗa na'urar da ke ɗab'in kaya masu jiki daga tarkacen kwamfuta da firinta, a 2013. Ba ina cewa ka ajiye jarka a ofishinka ba, baƙi za su yi maka dariya. Amma ta nuna cewa kwalliyar akwati ba ta ƙara wa kwamfuta ko taku ɗaya.

To, me ofis ke bukata? Mu dubi aikin da ake yi a Zangon Agoè. Tun da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar birni a 1977 aka maido jama'a nan arewa, rayuwar wurin ta jingina da babbar hanyar da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Cinkassé, su wuce Burkina Faso da Nijar da Mali. Mai fiton kaya yana son takardar farashi da lissafin buhuna. Makarantar Islamiyya tana son sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Mai shagon kwafi yana buga wasiƙa da katin biki. Duk wannan rubutu ne da lissafi da intanet, aikin da kwamfuta ba ta ko zufa a kansa. Katin hoto na musamman, wanda masu wasan bidiyo ke zuba wa kuɗi, ba ruwanka da shi, domin yawancin ƙwaƙwalen Intel na ofis suna ɗauke da nasu a ciki.

Inda ake yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa shi ne wajen suna. Ka shiga shago a unguwar Dékon, a nuna maka tambari a ce, "Alhaji, wannan i7 ce fa!" Kai kuma ka ji bakwai ta fi uku. Ka nemi lambar da ke biye da sunan. A lamba mai alƙaluma huɗu, na farkon shi ke faɗin zuriyar ƙwaƙwalwar. Core i7-2600 zuriya ta biyu ce, ta 2011. Core i3-8100 zuriya ta takwas ce, ta 2017. Kowacce tana da injinan lissafi huɗu a ciki, amma ƙaramar a suna wat 65 aka ƙiyasta mata, tsohuwar kuwa 95, kuma a aikin ofis ba ta bar mata kome ba. Ga wani abin da ya fi wannan: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zuriya ta takwas take karɓa. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya jefar, Linux Mint da LibreOffice kyauta ne, kuma suna buɗe takardun Word da Excel.

A ganina, kuɗin da ya fi kowanne albarka shi ne na rumbu. Ɗauki misalin ɗan kasuwa. RAM ita ce teburin da yake baza hajar da ake ciniki yanzu, rumbu kuwa shi ne mangazar da ke bayan shago. Tsohon rumbu faifai ne mai juyawa sau 7,200 a minti, da wata allura da ke kai da kawowa tana laluben abin da aka nema, kamar yaron shagon da sai ya ɗaga buhu goma kafin ya samo guda. Sabon, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ko mai arahar yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, ninki uku ko huɗu na tsohon, kuma a wajen tsinto ƙananan fayiloli ratar ta wuce haka nesa. Kwamfutar da kake kunnawa ka tafi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, sa mata SSD mai gigabait 256 ka ga ikon Allah. Wannan kam sabo za ka saya, don rumbu yana tsufa ba tare da ya nuna a fuska ba.

RAM kuwa gigabait 8 ta wadatar, 16 ga mai buɗe shafuka ashirin a lokaci guda. DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi.

Shin a sayi kome daban-daban, ko a ɗauki ta hannu a gyara? A gari mai tashar jiragen ruwa kamar Lome, ni ta biyun nake zaɓa. Kamfanonin Turai suna sauke kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda aka ƙera don su wuni a kunne. Ka sayi gangar jikin, ka ƙara RAM, ka sa SSD, ka goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da fanka ka shafa sabo kamar ƙwayar wake. Aibinsu ɗaya: da yawansu ba su bi ma'aunin ATX sau da ƙafa ba, in akwatin wutarsu ya mutu sai an nemo irinsa sak. Idan kuma kullum ta tashi da kwanan wata na bogi, ba aljanu ba ne, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ya ƙare.

Kibod ma yana da nasa rikici. Na ƙasashen Faransanci yana farawa da AZERTY, wanda ya zo ta Legas ko Accra kuwa QWERTY. Sakataren da hannunsa ya saba da ɗaya zai yi ta buga Q a madadin A, kuma a na Faransanci sai an danne wani maɓalli kafin lambobin sama su fito. Tambayi mai aikin kafin ka saya.

Sai maganar wuta da iska. Kwamfutar ofis da allon kallonta ba su cika kai wat 100 ba, mitar kamfanin wuta na CEET ba za ta yi kuka da su ba, dutsen guga ya ninka su sau goma. Abin tsoro shi ne ɗaukewar wuta ana tsakar ajiye aiki, da dawowarta da ƙarfi. Don haka ka ware kuɗin akwatin batir da masu shago ke kira onduleur, ko da za a rage girman allon kallo. Kada dai ka jona masa firinta mai leza, ta fi ƙarfinsa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, damshin teku yana cin bakin wayoyi, saboda haka a ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa buɗe shi ana hurewa. Kafin ka taɓa cikinsa, zare waya daga bango, ka dafa ƙarfen jikinsa don sauke 'yar wutar da ke taruwa a jikin mutum lokacin sanyi.

Abu na ƙarshe, juya akwatin ka dubi bayansa. Wasu tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli kusa da bakin waya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Wutar Togo 220 ce. Tura shi zuwa 230 kafin ka jona.