Neman Salsala a Cikin Tsofaffin Wasiyyoyin Virginia

Daga 1607, shekarar da Turawan Ingila suka kafa zango a Jamestown, har zuwa 1776 da Amurka ta ayyana 'yancin kanta, ƙasar Virginia tana ƙarƙashin sarautar Ingila. Duk wanda kakanninsa suka zauna a can a wancan zamani, in ya tashi neman salsalarsa, zai tarar hanyoyin da aka saba bi a toshe suke. Hukuma ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin jihar ba sai 1853. Littattafan coci da ake rubuta baftisma da aure yawancinsu sun salwanta. An yi ƙidayar jama'a ta farko a Amurka a 1790, amma takardun Virginia na wannan ƙidaya sun ɓace. Abin da ya rage mai ƙwari shi ne takardun kotu, kuma a cikinsu babu kamar wasiyya, domin a nan ne mutum yake kiran matarsa da 'ya'yansa da sunansu, ya kuma faɗi dangantakarsa da kowanne, a gaban shaidu.

Tun 1634 aka raba Virginia gunduma-gunduma, kowace da kotunta. Idan mai wasiyya ya rasu, wasiyyinsa ya kan kawo takardar gaban kotu, shaidu su rantse cewa a gabansu ya sa hannu kuma yana cikin hankalinsa, sai akawun kotu ya kwafe ta cikin babban littafi. Wannan kwafi shi mai bincike ya fi samu a yau, don haka kuskuren alƙalamin akawu ma yana cikin abin da za a yi hattara da shi. Wanda ya mutu a Virginia ya bar dukiya a Ingila kuwa, sau da yawa sai an sake gabatar da wasiyyarsa a Landan, a kotun coci ta Canterbury, wadda ta riƙe wannan aiki har 1858. Kundinta yana gidan ajiye takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, kuma shi ne ya kan haɗa iyalin da ke Virginia da tushensu na Ingila.

Kowace wasiyya tana da kwanan wata biyu, ranar da aka rubuta ta da ranar da kotu ta tabbatar da ita, kuma mutuwar mai ita tana tsakanin biyun. Sai dai kalandar zamanin tana da tarko. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta tana farawa ne ranar 25 ga Maris. Saboda haka ana iya ganin wasiyyar da aka rubuta a Disamba 1720, aka tabbatar da ita a Fabrairu 1720, mai karatu ya zaci akawu ya ruɗe, alhali wannan Fabrairu a lissafin yau na 1721 ne.

Mai karatun da ya tashi a kan hukuncin gado na Musulunci sai ya ajiye abin da ya sani a gefe kafin ya fahimci waɗannan takardu. A shari'a an riga an yanka wa kowane magaji rabonsa, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga mai gado. A dokar Ingila mutum yana da ikon raba kusan dukan abin da ya mallaka yadda ya ga dama, ban da haƙƙin matarsa, wadda ke da damar cin moriyar sulusin gonakinsa muddin ranta. Wannan 'yanci shi ya sa wasiyyar Bature ta cika da sunaye, shi ne kuma ya sa ba za a ɗauke ta a matsayin cikakken jerin 'ya'ya ba. An rubuta ta ne don a raba dukiya, kuma wanda ba a nufi ba shi komai ba, ba dole ne a ambace shi ba.

Babban ɗa namiji shi ya fi faɗawa wannan rami. A Virginia, ƙasar da mamaci bai yi wasiyya a kanta ba ta babban ɗa ce shi kaɗai, kuma haka dokar take har aka soke ta a 1785. Uba na iya tsallake shi gaba ɗaya ya shiga raba wa ƙannensa, tunda shi doka ta riga ta tanadar masa. 'Yar da aka yi wa aure aka ba ta rabonta tun a lokacin ita ma a kan tsallake ta, ko a bar mata sule ɗaya. Masu rubuta tarihin iyali da yawa sun mai da wannan sule shaidar fushi tsakanin uba da 'ya, alhali galibi alama ce kawai cewa ba mantawa aka yi da ita ba, don kada ta je kotu daga baya. A arewa, a Massachusetts, tsarin ya bambanta: 'ya'ya duka suna gado, babban ɗa yana ɗaukar rabo biyu. Ba a karanta wasiyya sai an san dokar wurin da aka rubuta ta. Matan aure kuwa da wuya a ga wasiyyarsu, domin dukiyar mace tana hannun mijinta muddin yana raye. Wasiyyoyin matan da ake samu yawanci na waɗanda mazansu suka rasu ne, kuma suna da daraja ƙwarai, domin mace ta kan ambaci 'ya'yan aurenta na fari da 'yan'uwanta, daga nan a gano gidan da ta fito.

Kalmomin dangantaka ma sun sauya ma'ana. Abin da Ingilishin yau ke kira suruki ko suruka, a ƙarni na 17 yana iya zama agola. Wanda aka kira ɗan baffa yana iya zama ɗan wa ko ɗan ƙane. Mutum biyu masu suna ɗaya a gunduma, a kan bambance su da babba da ƙarami ko da babu jini tsakaninsu, kuma in babban ya mutu laƙabin sai ya koma kan ƙaramin.

Labarin zuriyar George Washington, shugaban Amurka na farko, ya nuna yadda aikin yake tafiya. An san kakan mahaifinsa, John Washington, ya iso Virginia wajen 1657 ya zauna a gundumar Westmoreland, ƙanensa Lawrence ya biyo shi. Abin da ba a sani ba shi ne 'ya'yan wane ne su a Ingila. A 1791 Isaac Heard, babban jami'in kula da nasabar manyan gidaje a Landan, ya rubuto wa shugaban yana tambaya, shi kuma ya amsa cewa bai taɓa mai da hankali sosai a kan batun ba. Heard ya sami wasu 'yan'uwa biyu, John da Lawrence, a zuriyar Washington ta garin Sulgrave, ya yi zaton su ne. Zaton ya shiga littattafai ya zauna daram fiye da shekara 70. Sai a 1866 Joseph Lemuel Chester, Ba'amurke mai binciken nasaba da ke zaune a Landan, ya nuna cewa kama da wane ba ta wane: wancan John ya sami sarauta ya mutu a Ingila, wancan Lawrence limamin coci ne, babu wanda ya ƙetare teku a cikinsu. Chester ya rushe ginin, amma ya rasu a 1882 bai kafa wani a madadinsa ba.

Wani mai binciken nasaba, Henry Waters, shi ne ya warware matsalar a 1889, kuma da takardun gado ya yi. Ya fara cin karo da wata takarda ta 1677 da ta ba wani mai bin bashi izinin kula da abin da Lawrence Washington na Virginia ya bari a Ingila, inda aka ce a da mutumin Luton ne. Wannan ya taƙaita masa fagen nema. Ya bi wasiyyoyin garuruwan da ke kewaye, har ya kai ga ta wani Andrew Knowling na garin Tring, mai kwanan watan Janairu 1649, wato 1650 a lissafin yau. Knowling ba Washington ba ne, kuma mai neman sunan gidan kawai a cikin fihirisa ba zai taɓa buɗe takardarsa ba. Amma ya bar gonakinsa ga wani yaro Lawrence Washington da ya tsaya wa wajen baftisma, ya bar fam 60 ga mahaifiyar yaron, Amphillis, sannan ya lissafa sauran 'ya'yanta: John, William, Elizabeth, Margaret da Martha. Ya kira Amphillis da kalmar da yau za a karanta suruka, alhali agolarsa ce, 'yar matarsa. Daga takardun da ke haɗe da wasiyyar Waters ya kai ga mijinta, wanda bai zama kowa ba sai limamin nan Lawrence da Chester ya nuna bai bar Ingila ba: malami a kwalejin Brasenose ta Oxford, limamin Purleigh a yankin Essex, wanda majalisa ta kora daga muƙaminsa a 1643 saboda yana bayan sarki a yaƙin basasar Ingila. Ashe Heard ya dace da gidan, tsara ɗaya ya kuskure. Masu ƙauran 'ya'yan limamin ne.

Duk da haka sunaye ne kawai suka dace, kuma dacewar sunaye ita ta kayar da Heard. Hujjar ta ƙarasa ne daga ƙetaren teku. A wasiyyar da John Washington ya rubuta a Virginia a 1675 ya bar wa ƙanwarsa Martha fam 10 da laba 4,000 ta taba, wadda ita ce kuɗin ƙasar a lokacin, da masauki na shekara guda in ta iso. Martha ta iso, ta yi aure, kuma a wasiyyarta ta 1697 a gundumar Stafford ta ambaci 'yan'uwanta mata biyu da ke Ingila, Elizabeth da Margaret. Sunaye biyar cikin na 'ya'ya shidan da Knowling ya ambata sun sake bayyana a Virginia da irin dangantakar da ya faɗa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata kowane mai bincike ya riƙe: takardu daban-daban, daga hannun mutanen da ba su haɗa baki ba, su faɗi abu ɗaya. Shi kansa Waters bai tsira daga zato ba, domin ya ɗauka Amphillis 'yar gidan Roades ce, bincike na baya ya nuna 'yar gidan Twigden ce.

Ba kowa ya bar wasiyya ba. Masu gona da dukiya su suka fi yin ta, talaka kuwa sau da yawa ya kan mutu shiru. Amma ko babu wasiyya kotu ta kan naɗa mai kula da dukiyar mamaci, galibi matarsa ko babban ɗansa, ta kuma tura maƙwabta su ƙiyasta kayansa ɗaya bayan ɗaya: gadaje, tukwane, shanu, bindiga, littattafai, kowanne da farashinsa da fam da sule ko da labar taba. Takardun riƙon marayu suna taimakawa wajen ƙiyasta shekaru, tunda wanda aka naɗa wa mariƙi bai kai 21 ba, wanda kuma aka bari ya zaɓi mariƙinsa da kansa ya kai 14. Takardun cinikin gona su kan cike giɓin da wasiyya ta bari, musamman inda magada suka taru suka sayar da abin da suka gada, kowa ya sa hannu, matan aure tare da mazansu.

A cikin waɗannan jerin kaya ne ake samun sunayen bayi, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaci. An fara sauke 'yan Afirka a Virginia a 1619. Dokar 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ta 1705 kuma ta sa bayi cikin dukiyar da ake gada kamar gona. Baƙar fatar Amurka da ke neman kakanninsa ya kan yi tafiya lafiya har 1870, ƙidayar farko bayan soke bauta, wadda ta rubuta 'yantattun bayi da sunansu. Ƙidayar 1850 da ta 1860 shekarun bawa da jinsinsa da launinsa kawai suka rubuta a ƙarƙashin sunan ubangida. Daga nan baya dole ya gano gidan da ya mallaki kakanninsa, ya bi wasiyyoyin gidan tsara bayan tsara, yana neman suna guda ba tare da sunan uba ba, ko jimlar da ke cewa an bar wa wance baiwa kaza da duk abin da za ta haifa. Rabon gado shi ne lokacin da aka fi raba uwa da 'ya'yanta, don haka takardar da ta adana sunayensu ita ce kuma shaidar ranar da aka watsa su. Augustine Washington da ya rasu a 1743 ya bar wa ɗansa George, mai shekara 11, gona da bayi 10. Shi George a wasiyyarsa ta 1799 ya yi umarnin 'yanta bayinsa 123 bayan mutuwar matarsa, abin da dokar 1782 ta halatta. Wasu 153 da ke gidan na dukiyar mijin matarsa na fari ne, ba shi da ikon 'yanta su, alhali an yi auratayya tsakanin ɓangarorin biyu. Bayan rasuwar matar a 1802 aka raba su tsakanin jikokinta.

Nasarar bincike ta dogara ƙwarai da gundumar da kakan ya zauna. Kotun Northampton tana da takardu a jere tun 1632, mafi daɗewa a Amurka da ba su yanke ba. Gundumomi irin su Hanover, New Kent da Gloucester kuwa sun yi asarar yawancin nasu. A lokacin yaƙin basasar Amurka wasu gundumomi sun aika da littattafansu Richmond don tsaro, sai gobarar Afrilu 1865 ta cinye su tare da kundin babbar kotun zamanin mulkin Ingila. Wanda kakanninsa suka fito daga irin waɗannan wurare ya kan koma ga takardun mallakar ƙasa da gwamnati ta bayar, da jerin masu biyan haraji, da shari'o'in gado da aka yi a gundumomin maƙwabta, inda masu ƙara su kan haɗa kwafin tsohuwar wasiyya a matsayin hujja. Babban ɗakin karatu na jihar Virginia da ke Richmond yana tattara irin waɗannan kwafi, yana jera su a ƙarƙashin sunan gundumar da asalinsu ya ƙone.