Ko Kun Sani?

Ƙwayar cutar BVD, mai sa shanu zawo da ɓari, ta jikin wani furotin da ake kira CD46 take samun hanyar kutsawa cikin saniya. Masanan ma'aikatar noma ta Amurka da ke jihar Nebraska suka gyara ƙwayar gadon da ke ƙera shi, suka sauya gurabe 6 kacal a furotin ɗin. A 2021 aka haifi maraƙa mai ɗauke da wannan gyara, jinsin Gir ce, shanun madarar Indiya masu tozo kamar namu. Guda ɗaya ce dai, ba garke ba, amma an gwada ta: aka haɗa ta da wani maraƙi da ya zo duniya da cutar. Alamun ciwon da ta nuna ba su taka kara sun karya ba, fararen ƙwayoyin jininta kuma ba su kamu ba.